Wa Aka Bar Wa Baki? Waiwaye Daga Rimaye

Rimaye jam'in rimi ne. Duk wanda ya tashi a karkarar Katsina kuwa ya san aikin inuwar babban icce: nan ake shimfiɗa tabarma, nan ake yanke wa duniya hukunci tsakanin la'asar da magariba. A irin wannan inuwa, ranar da na je gaisuwar rasuwa a garin Rimaye, na ga wani dattijo Bafillace ya tare wani Babarbare mai tallar turare da huluna. Ko sallamarsa bai amsa ba ya ce, "Kai bawana, ina kuɗin sharata na bana?" Babarbaren ya sauke kayansa a tsanake, ya ce tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa jin inda bawa ya yanka wa ubangidansa haraji ba. Sannan ya ɗora da wata magana kan Fulani da rowar nono wadda ba zan sa a takarda ba. Har masu makoki sai da suka murmusa. Aka matsa masa wuri, aka kawo masa ruwa.

Da dare ina duba waya sai na ci karo da kusan maganar nan ta Babarbaren a Facebook, wani ya rubuta ta a kan Fulani. A ƙarƙashinta babu mai dariya. Tsinuwa ce da alwashi jere, wannan ya ce a kore su daga ƙasar Hausa, wancan ya ce ai ku bayinmu ne tun 1804. Na yi ta juya abin a raina. A gindin iccen nan kowa ya san wane ne mai maganar, kuma ya san an bar masa baki a kan wanda yake yi wa. A waya ba wanda ya san wani.

Kakanninmu ba su ɗauki magana haƙƙin kowa da kowa ba. Izini ce, kuma izinin yana bin asalin mutum, ko sana'arsa, ko kwanan wata. Na asali shi ne barkwanci: Bakatsine da Banufe, Bagobiri da Bayarabe, Bakano da Bazazzagi, Bafillace da Babarbare, ɗan mace da ɗan namiji, jika da kaka. Da yawan irin wannan wasa tsakanin ƙabilu ana danganta shi da tsohon yaƙi, wato faɗan da ya fi ƙarfinka ka mai da shi wasa. Ƙa'idarsa guda ce, ba a fushi, wanda ya fusata shi aka ci. Idan watan Cika-ciki ya kama kuma a bi juna da kuɗin shara, abin da dattijon nan ke nema ke nan.

Na sana'a ya fi faɗi. Wawan sarki yana gaya wa sarki abin da waziri ba zai iya ba. Ɗan kama yana ara muryar malami da zamansa, ya yi wa'azi a kan tuwo da nama, malaman su yi dariya su ba shi kwabo. Ɗan gambara yana sakin batsa tsakiyar kasuwa wadda da ɗan liman ne ya furta rabinta da sai gidan ya kwana cikin kunya. Mawaƙi yana da zambo da habaici. Matar aure ma, wadda ba ta iya mai da wa miji ko uwar miji magana, tana da dutsen niƙa da turmi, a can take rera abin da ke cinta, a ji a yi kamar ba a ji ba. Na kwanan wata kuma shi ne tashe daga goma ga azumi, lokacin da yara ke kwaikwayon tsoho da malam da mai rowa, a tasa gwauro a gaba, da kuma wasan gauta na gidajen sarauta, inda matan fada ke shiga rigar sarki da hakimansa su nuna musu halinsu.

Sai dai izinin nan ba kyauta ake ba da shi ba. Maroƙi ya sami bakinsa ne domin an riga an ajiye shi ƙasa, ba ya zuwa neman 'yar malam balle 'yar sarauta. Talaka manomi kuwa, wanda shi ne mafi yawan jama'a, ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan riguna. Abin da ke bakinsa gaban hakimi shi ne ranka ya daɗe. In zalunci ya ishe shi ya ɗaure kayansa da dare ya yi ƙaura, kufai ya yi magana a madadinsa.

Baki ɗaya ne ya haɗa daraja da ƙarfi, na malami, shi ya sa babbar rigimar farko a kan magana ta tashi a kansa. Wajen 1788, a filin Idi na Magami, Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya yi wa malamai kyauta, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ƙi karɓa, ya nemi abu biyar a madadinta. Biyun farko duk na baki ne da kunne: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada kuma a hana kowa amsa kiran. Na uku na kamanni ne, a girmama duk mai rawani. Sauran su ne sakin fursunoni da sassauta haraji. Bayan 'yan shekaru Sarki Nafata ya sa aka yi shela a kasuwa: ba mai wa'azi sai Shehu shi kaɗai, wanda bai gaji Musulunci ba ya koma addinin iyayensa, maza su daina naɗa rawani, mata su daina lulluɓi. Abin da ya biyo baya kowa ya sani, hijira zuwa Gudu a 1804, sannan yaƙi.

Abin da ba a cika faɗa a wa'azi ba shi ne labarin 'Yandoto, garin malamai da ke cikin ƙasar Katsina a lokacin, kusa da Tsafe. Malamanta ba su yarda da hujjar masu jihadi ba, Muhammadu Bello ya ci garin da yaƙi. Waɗanda suka fito neman a bar su su yi magana ba su jure wa masu musu ba. Amma a yi wa Bello adalci: da Shehu Laminu na Barno ya rubuto yana tuhumar jihadin, Bello ya amsa da alƙalami, ya kuma ajiye wasiƙun abokin gardamar tasa cikin littafinsa Infaƙul Maisuri, har yau ana karantawa.

Wajen 1807 birnin Katsina ya faɗa hannun masu tuta, sarauta ta koma gidan Ummarun Dallaje, tsohon gidan ya haura arewa ya kafa Maraɗi, inda har gobe ake kiran mai mulkin Sarkin Katsina. Maguzawa suka ci gaba da nomansu a karkara suna biyan jiziya. Sun tsira da addininsu, amma ba a bar musu baki a kan sha'anin ƙasa ba, sunansu ma ya zama abin da ake tsokanar yaron da ya ƙi salla da shi.

Turawa sun iso Katsina a 1903, kuma ba su buɗe bakin kowa ba. Sun tarar da sarki suka ƙara masa ƙarfi, suka sa kotu da 'yan doka da gidan yari duk a hannun En'e. Ƙofar da ta buɗe ta takarda ce. Kwalejin Katsina ta fara yaye masu boko tun shekarun 1920, kuma ɗaya daga cikinsu, Abubakar Imam, shi ya riƙe Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Janairun 1939. Jaridar hukuma ce, amma tana buga wasiƙun masu karatu, malamin makaranta a ƙauye ya rubuta kukansa a karanta a Sakkwato da Yola. Ga mutanen da suka saba kuka ba ya wuce zauren dagaci, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai jam'iyyar NEPU, da aka kafa a Kano ran 8 ga Agusta 1950. A ganina ita ce ta fara kawo wa ƙasar nan ra'ayin cewa talaka yana da baki don shi mutum ne kawai, ba sai ya zama wawa ko maroƙi ko taubashin wani ba. Sarauta ta gane haɗarin tun da wuri. Lacca sai da izinin En'e, izinin kuma ba ya fitowa. Wanda ya ambaci sarki a bainar jama'a a kai shi gaban alƙali da laifin zagi, a yi masa bulala, a aske shi, a kai shi yari. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya an ɗaure ta sau goma sha shida. Sai bayan juyin mulkin 1966 sojoji suka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e.

Nan zan daɗe kaɗan, domin maƙwabciyarmu Musawa ta haifi mutum biyu da ke nuna tsohon izini da sabo fiye da duk wani bayani.

Na farko Mamman Shata, haihuwar 1923. Mutumin da duniya ta sani a matsayin mawaƙin Hausa mafi shahara Bafillace ne ta uwa da uba. Mahaifinsa, Ibrahim Yaro, bai so ya yi waƙa ba, don a wurinsa roƙo ne, ba gadonsu ba ne. Yaron ya yi tallar goro da alewa, yana waƙa a dandali don nishaɗi, kafin kalangu ya ɗauke shi zuwa Bakori da Kano da Funtuwa. Ma'ana, Shata sauka ya yi daga matsayin gidansu ya shiga rigar maroƙa da ƙafarsa, ya sayi bakinsa da darajar asali. Da ya samu kuwa bai yi masa tanadi ba. Ya wasa sarakuna da attajirai, ya yi wa wasu zambon da ya bi su har kabari, ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa, ya yi wa Annabi (SAW) yabo, ya kuma yi wa mashaya tasu. Iyayen gidansa manyan jam'iyyar NPC ne, shi kuwa zuciyarsa na wajen NEPU. Jama'a sun yi imani bakinsa ba ya faɗuwa ƙasa banza, don haka mai kuɗi ya gwammace ya ba shi mota da ya ji sunansa a amshi. Bayan gyaran ƙananan hukumomi na 1976, lokacin da lardin Katsina duka bakwai ne kacal kuma Musawa na ƙarƙashin Kankiya, Shata ya ci zaɓen kansila a wannan ƙaramar hukuma tamu. Maroƙi a kujerar majalisa, abin da kakansa ba zai yi mafarki ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa, ya rasu ran 18 ga Yuni 1999, aka binne shi a Daura.

Ina yawan tambayar abokaina masu cewa dā an fi tarbiyya: waƙar mashayan nan, da yau wani yaro ya fito da ita a Kano, kwana nawa zai yi a waje? Malaman wancan zamani sun ƙi ta, sun faɗa, amma ba su ce a kamo shi ba. Sun san Shata ne, kuma Shata an bar masa baki.

Na biyu Dokta Yusufu Bala Usman, haihuwar 1945, jikan Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Shi daga sama ya sauko. Ɗan sarauta ba a bar masa baki a kan gidansu ba, kunya da gado sun ɗaure shi fiye da yadda 'yan doka ke ɗaure talaka. Bala ya tsinka igiyar. Ya koyar da tarihi a Zariya, ya zauna a kwamitin tsara tsarin mulki, shi da Segun Osoba suka ƙi sa hannu a rahoton masu rinjaye a 1976 suka rubuta nasu. Ya yi sakataren gwamnatin PRP a tsohuwar Jihar Kaduna. A 1987 ya fitar da littafi kan yadda masu mulki ke wasa da addini don su raba talakawa. A 1989 gwamnatin Babangida ta kore shi daga jami'a, kotu ta mai da shi. Ya rasu a Satumban 2005.

Aikinsa da ya fi shafar zancenmu shi ne littafin tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883, wanda aka buga a 1981. A ciki ya ƙi yarda da labarin da Turawa suka bar mana, wai jihadi yaƙin Fulani ne da Hausawa. Ya nuna an sami Hausawa a sahun Shehu, an sami Fulani a sahun sarakuna, kuma ƙasar Katsina kanta baƙi ne suka yi ta cika ta ƙarni bayan ƙarni. Wali Ɗanmasani asalinsa Barno. Wangarawa daga yamma suka zo. Agalawa, fataken goro da suka zauna tsakanin Katsina da Kano, waɗanda gidan Ɗantata ya fito daga cikinsu, daga wajen Buzaye suka gangaro. Duk sun zama Hausawa, ba wanda ya nemi takardar jini. Hausanci riga ce mai faɗi da ake shiga ta harshe da zama da sana'a. Ban san ko Bala ya taɓa kawo misali da Shata ba, amma hujjar tasa na nan a garin haihuwarsu tana waƙa.

Daga nan abubuwa suka yi sauri. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, Rediyon Kaduna a 1962, sai kaset ya zo ya sa kowane shago ya zama gidan rediyo, wa'azi da raddi da waƙa suna tafiya a aljihun direba. Soja ya mai da martani da Doka ta 4 ta 1984, zamanin Janar Buhari, wadda ta ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian. A Katsina, wadda ta zama jiha ran 23 ga Satumba 1987, gwajin ya zo a 1991. Mujallar Fun Times ta kamfanin Daily Times ta buga abin da Musulmi suka ɗauka cin mutuncin Manzon Allah (SAW) ne. Malam Yakubu Yahaya ya jagoranci mabiyansa zuwa ofishin kamfanin, aka kwaso mujallun aka ƙona. Gwamnan soja, Kanar John Madaki, ya yi barazanar kashe shi, aka yi arangama, aka ɗaure Malam Yakubu da wasu mabiyansa. A wannan rigima kowane ɓangare hukunci yake nema wa bakin ɗan'uwansa, kuma marubucin da ke Legas bai ma san akwai wani iyaka da ba a ƙetarewa a nan ba.

Da aka dawo mulkin farar hula a 1999, sashe na 39 na tsarin mulki ya ba kowa 'yancin faɗar albarkacin baki, abin da NEPU ta sha bulala a kansa. A shekara ta 2000 Katsina ta ƙaddamar da shari'a zamanin Umaru Musa 'Yar'aduwa, a 2001 Kano ta kafa hukumar tace finafinai. Daga 2007, ƙarƙashin shugabanta Abubakar Rabo, aka ɗaure Adam A. Zango, aka ɗaure Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama, aka kama Aminu Ala. A Nuwamban 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa matasa biyu bulala ashirin-ashirin da tara da sharar kotu, saboda sun yi wa Gwamna Ganduje shaguɓe a TikTok. Abin da matan fada ke yi wa sarki a gabansa yana murmushi ke nan. 'Yan sandan Kano ma sun sha hana tashe a 'yan shekarun nan saboda 'yan daba sun shiga ciki. Takarda ta ba kowa baki, tsofaffin rigunan da ke kare mai magana kuma sun yage, sai ya zama mai kare ka yau shi ne ubangidanka na siyasa. Mawaƙin gwamna da sojan baka na rediyo suna faɗar abin da suka ga dama har ranar da gwamnan ya sauka.

Ba duka ne asara ba. Hausawa Kiristoci na wajen Malumfashi da Kafur da Matazu, jikokin Maguzawan nan da ba a tambayar ra'ayinsu, yau suna magana da sunansu. A ƙarshen 2023 aka naɗa ɗan Malumfashi, Gerald Mamman Musa, bishop na farko na sabuwar diyosis ɗin Katolika ta Katsina. Mata suna rubuta littafi, suna faɗar abin da dā sai a kan dutsen niƙa. Ƙauyen da aka kai wa hari da asuba, kafin azahar duniya ta ji.

Amma harin ne ya ɓata mana harshe. Tun da 'yan bindiga suka addabi yammacin jihar, suka kwashe ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a Disamban 2020, suka matso har Musawa da Matazu, kalmar Bafillace ta fara ɗaukar ma'anar ɓarawon daji a bakin mutane da yawa, alhali makiyayin da aka kore wa shanu ba shi da wanda zai kai wa kuka. A waya kuma ga masu kiran Hausa zalla, suna tona asalin sarakuna da malamai da 'yan siyasa ɗaya bayan ɗaya. Ban ce kukansu babu tushe ba. Wanda aka kashe wa uba a gona yana da haƙƙin ya tambayi dalili, kuma tambayar wa ke riƙe da sarauta tun 1807 halattacciya ce, Bala kansa ya yi wadda ta fi ta zafi. Inda na rabu da su shi ne ma'aunin jini. In aka tace ƙasar Kankiya da Kusada da Ingawa da wannan rariya, ban san gida nawa zai rage ba a raba uwa da ɗa ba, kuma Shata ne farkon wanda za a fitar. Hukuma kuwa maganinta na gado ne: a Satumban 2021 aka katse layin waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar don a toshe masu kai wa ɓarayi labari, mai neman agaji ma ya rasa yadda zai kira.

Da watan Cika-cikin bana ya kama na zauna jiran taubashina, ɗan ƙanwar mahaifina, wanda tun muna yara ba ya fashin zuwa ya ce mini bawa ya karɓi kuɗinsa. Na tanadi amsoshi uku masu zafi. Bai zo ba, ya ce hanya ba ta da kyau bayan la'asar. Lambar asusunsa ya turo ta WhatsApp. Na tura masa dubu biyu, na rubuta ɗaya daga cikin amsoshin, na dube ta a rubuce, na goge.